Lissafin Malam Bilyaminu da Irin Geron Ƙanwarsa

A Tungar Gawo, wani ƙauye da ke arewacin Zurmi, an yi zamanin da babu manomin da zai jefa ƙwayar gero a rami sai ya ji abin da gidan Malam Zakariyya ya ce. Wannan ba duba ba ne, domin malamin ya tsani masu zanen ƙasa, ko gaisuwarsu a daƙile yake amsawa. Abin da ya dogara da shi rijiya ce da tsakuwa arba'in. Rijiyar tana tsakar gidansa, zurfinta gaba goma sha biyu, kuma sau biyu a shekara rana takan tsaya cak a tsakiyar sama, haskenta ya sauka har kan ruwan, bai bar inuwa a ko wane gefe na bangon ba. Na farko yakan zo cikin tsananin bazara, na biyu kuma a tsakiyar damina. Ran da na bazara ya auku sai malamin ya ce rana ta leƙa rijiya, ya zuba tsakuwa arba'in a ƙoƙo, kullum bayan sallar asuba ya cire ɗaya. Kafin ƙoƙon ya zama wofi an riga an shiga Haka'a, tauraron farko na damina a lissafin malamai, daga nan sai ya aika wa mai gari cewa duk ruwan da ya sauka daga yau na shuka ne. Wanda ya sauka kafin nan kuwa, ko da ya cika kududdufi, sunansa a bakin malamin ruwan gaisuwa.

Bilyaminu shi ne babban ɗansa, kuma shi ya gaji ƙoƙon. Sai dai ya gaji wani abu ƙari, domin an sa shi makarantar boko, ya yi kwalejin horon malamai, ya fito yana koyar da kimiyya a makarantun firamare. Shekara talatin da uku ya yi yana wannan aiki, a Zurmi da Shinkafi da Jangeru, duk hutun bazara kuma yana gida a bakin rijiya. Tun yana saurayi ya lura da abin da ya zama damuwarsa har tsufa, wato mahaifinsa da littafin makaranta magana ɗaya suke yi, amma babu mai jin harshen wani. Mahaifin yakan ce rana ta sauka a Surayya. Littafin yana cewa duniya ce take kewaya rana, sai ranar ta zo ta daidaita tsakaninmu da wani gungun taurari. Manomi kuwa cewa yake Kaza da 'ya'yanta ta ɓuya. Abu ɗaya ne, bakuna uku. Yaron da ke aji yana haddace na littafi da Turanci bai fahimta ba, ya koma gida ya raina na kakansa wanda shi ma bai fahimta ba, ya tashi babu ko ɗaya a hannunsa.

Saboda haka Malam Bilyaminu ya sayi babban littafin rubutu mai baƙin bango, ya raba kowane shafi gida uku. A gida na farko abin da manomi da makiyayi suke cewa, a na biyu abin da malaman zaure suke cewa, a na uku kuma bayanin abin da Hausa tsantsa, yadda mai daka a tsakar gida za ta ji ta gane. A nan ya rubuta zazzaɓin wata, ya sa husufi a gefensa, ya bayyana cewa inuwar duniya ce ta faɗa kan wata. Ya rubuta Gamzaki da Zara, ya nuna cewa abu ɗaya ne da ke fitowa wani lokaci da asuba wani lokaci da magariba, kuma ba tauraro ba ne mai wutar kansa, duniya ce irin tamu mai aron hasken rana. Ya rubuta falaki, wato hanyar da kowane abu na sama yake bi bai kauce ba. Ya rubuta ƙarfin jan ƙasa, wanda ke sa guga ya nufi ƙasan rijiya maimakon sama, da mayen ƙarfe, da amsa-kuwwa, da raɓa, da tururi. Wata kalmar yakan shekara bai yarda da ita ba. Wani Bafillace abokinsa mai suna Jabiru, wanda yakan zo tambayar lokacin komawa mashekari, ya ba shi sunayen taurari da yawa, shi kuma ya buɗe musu gida na huɗu a gefen shafi.

Mutum ne mai taurin kai a kan abin da ya auna, mai shiru a kan abin da bai auna ba. Bai taɓa cewa zai yi ruwa gobe ba, yakan ce wannan sanin Allah ne. Abin da yake faɗa shi ne cewa cikin shekaru kaza da ya rubuta, ruwan da ya riga ƙoƙo ya ci amanar masu shuka sau kaza, ya rufa musu asiri sau kaza, kuma na farkon ya ninka na biyun. Mutane ba sa son amsa mai lamba, sun fi son a ce musu i ko a'a, amma sun saba da shi, suna kuma cin moriyarsa.

Bayan ya yi ritaya da shekara huɗu mutanen daji suka shigo Tungar Gawo da hantsi. Ba za a tsaya jera abin da ya faru ba, domin duk mai zaune a wannan yanki ya san irinsa. Shanun Jabiru aka fara korewa, shi kansa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mijin Ummusalma, ƙanwar Malam Bilyaminu uwa ɗaya uba ɗaya, a gona aka sami gawarsa. Waɗanda suka tsira suka biyo hanya, wasu suka tsaya Zurmi, wasu suka zarce Kaura Namoda. Malam ya fito da matarsa Kulsumu da littafinsa da ƙoƙon tsakuwa. Ummusalma ta fito da 'ya'ya huɗu da wata gora guda da aka liƙe bakinta da laka. Matan da suka gudo tare da ita sun yi ta mamakin yadda ta bar kwallayenta ta ɗauki gora, sai da suka ji abin da ke ciki suka gane. Irin gero ne, tiya huɗu, an cuɗa shi da toka saboda ƙwari. Shi ne geron da Malam Zakariyya ya yi shekaru yana zaɓen zangarniyarsa ɗaya bayan ɗaya a kowace kaka, mai nuna a kwana saba'in, mai jure ƙishi, wanda ƙauyen suke kira ɗan Zakariyya. Rumbunan an ƙone su. Iyakar abin da aka sani ya rage na wannan iri shi ne abin da ke cikin gorar.

A Kaura suka sami ɗakuna biyu a wani gida bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, Ummusalma kuma a wani kango da ke kusa. Gidan babu rijiya, daga famfon burtsatse ake ɗebo ruwa, shi kuwa ba shi da bakin da rana za ta leƙa. Da bazara ta yi tsanani sai Malam ya ɗauki taɓaryar Kulsumu, ya kafa ta a tsakar gida, ya rataya dutse a zare ya gwada har ya tabbata ba ta karkace ba. Kwana shida yana tsugunne a gabanta da tsakar rana, yana zana iyakar inuwarta da tsinke.

"Malam, ka ba ni taɓaryata," in ji Kulsumu daga bakin murhu. "Ko inuwar za mu ci?"

"Saura kaɗan."

"Jiya ma hakanan kac ce."

"Jiya saura yatsa biyu, yau saura ɗaya. Ba daidai suke ba."

Washegari inuwar ta shige ƙarƙashin taɓaryar, babu ita ta ko wane gefe. Malam ya zuba tsakuwarsa arba'in a ƙoƙo, ya aika wa Ummusalma cewa an fara ƙirge.

Ran da tsakuwa ta ashirin da biyu ta fita, wato ana cikin Dabaran, tauraron da Haka'a take biyo bayansa, aka yi ruwa da la'asar, mai iska da ƙara, har ya gudana a lungu. Da safe sai ga Mainasara a kan babur ɗinsa. Ɗan kawun Malam ne, saboda haka taubashinsa ne, ba ya jin nauyin furfurarsa. Tun da aka baro gida kabu-kabu yake yi tsakanin Kaura da Zurmi, kuma duk labarin hanya a bakinsa ake fara ji.

"Mai taurari! Sauko ƙasa, an buɗe hanyar gida."

"Wa ya buɗe ta?"

"Mutanen dajin sun ja arewa, sun yi wajen iyaka. Faɗa sunka yi da junansu ko shanu sunka bi, Allah masani. Ni dai na kai har gindin gawo jiya, ban ga ko kare ba. Kowa na ɗaure iri, gobe da asuba za mu tahi mu shuka mu komo."

Yana cikin magana Ummusalma ta yi sallama, ta shigo da gorar a rungume. Ta durƙusa ta gaida yayanta, ta ajiye ta a gabansa. Ya san tambayar da ta kawo.

Malam ya tashi ya je gindin katanga inda ƙasa ba ta sha taku ba, ya soka yatsansa, ya zaro, ya nuna musu. Danshi ya tsaya a gaɓa ta biyu, ƙasan nan kuwa busasshiya ce kamar ba a yi ruwa ba.

"Kun gani? Wannan ya isa ya tada iri daga barci, bai isa ya shayar da shi ba. Ƙwaya za ta ji sanyi ta tsage, ta fid da saiwa. Rana kuma tana kusa da tsakiyar kai, zafinta zai ɗauke wannan danshi ya mai da shi tururi cikin kwana uku. Saiwar ta nemi ruwa a ƙasa ta tarar da toyi. Irin da bai tsiro ba yana iya jira a ƙasa wata guda, amma wanda ya tsiro ya bushe ya tafi ke nan."

"To mun ji karatu," in ji Mainasara. "Tururi, toyi. Su mutanen dajin, wane tauraro ne nasu? Ka duba muna littafinka ka hwaɗa muna ran da za su komo."

"Ba su cikin littafina."

"Ai na sani. Shi ya sa nike ce maka ka bar yarinyar ga ta shuka tun ƙofa na buɗe."

"Yarinya mai 'ya'ya huɗu," in ji Kulsumu, don ta sassauta zancen. Babu wanda ya yi dariya.

Malam ya buɗe littafin daga baya, inda yake rubuta ruwan kowace shekara. Cikin shekara talatin da ɗaya, an yi ruwa a Dabaran sau goma sha tara. Sau goma sha huɗu shuka ta ƙone. Ya karanta musu shekarun ɗaya bayan ɗaya, har da sunayen waɗanda suka yi asarar iri.

"A raba shi biyu mana," in ji Mainasara. "Tiya biyu yanzu, tiya biyu in tsakuwarka ta ƙare. Ko kai ma ka san wannan lissahi."

Wannan shawara ce mai kama da hankali, kuma Malam ya juya ta a ransa kafin ya ƙi ta. Dalilinsa biyu ne. Na farko, tiya huɗu da ƙyar za ta rufe gonar, in an zubar da biyu, abin da biyun da suka rage za su bayar ba zai kai gidan mutum biyar ga rani ba. Na biyu kuwa ya fi nauyi. Kowace tafiya Tungar Gawo sayar da rai ce, Ummusalma kuma ita kaɗai ta rage wa yaran. In dole sai ta bi hanyar nan, to ta bi ta sau ɗaya, a ranar da shukar za ta rayu.

"Kwana goma sha takwas ne kawai, Ummu," ya ce da ita. "Ni da kaina zan raka ki, ko da ƙafar nan tawa."

Ummusalma ta dubi Mainasara, ta dubi yayanta. "Yaya Malam, kai ka riƙe ƙoƙon Baba. Abin da kac ce shi za a yi." Ta ɗauki gorarta ta fita.

"Allah Ya sa tsakuwa ta yi tuwo," in ji Mainasara, ya tada babur.

Washegari mutanen Tungar Gawo kusan talatin suka tafi, da irin da suka samo a kasuwar Shinkafi da wanda 'yan uwa suka taimaka musu da shi. Suka yi kwana biyu suna shuka, suka dawo lafiya, ko ƙwarzane babu. Kwana huɗu gero ya tsiro. Daga nan sama ta washe, ta yi fari fat, aka yi kwana goma sha shida ko ɗigo babu. Masu leƙawa a babur suka riƙa dawowa da labarin cewa tsiron ya murɗe, ya yi ja, iska tana kwashe shi. Wasu dattawa suka zo har gida suka ce, Malam, ka faɗa. A nan ne kaɗai za a iya kama shi da laifi bayyananne, domin ya ji daɗin maganar. Bai nuna ba, ya yi musu jaje yadda ya kamata, amma da suka fita ya buɗe littafinsa ya mai da goma sha huɗu goma sha biyar. Mai ilimi yakan manta cewa lambar da ta gaskata shi abincin wani ce ta ƙone.

Tsakuwa ta ƙarshe ta fita ranar wata Talata. Ran Alhamis hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa tun azahar har magariba, wanda ya jiƙa ƙasa har kamu guda. Malam ya soka yatsa bai tarar da busasshe ba, ya sa sanda ma haka. Ya aika wa Ummusalma ta shirya, ya aika a kira Mainasara.

Mainasara ya zo a ƙasa, yana jan ƙafa, babu kirari babu tsokana.

"Sun komo," ya ce. "Tun shekaranjiya. Sun tare hanya bayan Zurmi, sun ɗauke mutum bakwai, sun ƙone babura uku. Nawa na bar shi gida, ba ni hita."

"Ta hanyar gulbi fa?"

"Can sunka yi sansani."

Malam ya dubi ƙoƙon da ya zama wofi. Can ya ce, "Wataƙila su ja nan da mako."

"Wataƙila," in ji Mainasara. Bai ƙara kome ba, kuma rashin ƙarawar ya fi wa Malam ciwo da duk ba'ar da ya taɓa yi masa.

Daga ranar ya shiga neman inda za a zuba irin ko da ba a gida ba. Ya bi gonakin bakin Kaura, ya tarar kowane taku an shuke shi, har gefen layin dogo da bayan makabarta, domin garin ya cika da mutane irinsu, kowa kuma ya riga shi tambaya. Ya hau motar Kasuwar Daji wurin wani da suka yi koyarwa tare, mutumin ya riƙe hannunsa ya ce gonarsa ta kusa ya raba wa surukansa uku, ta nesa kuwa shi ma shekara biyu bai taka ta ba. Ya aika Shinkafi, amsa ɗaya ce. Tsakar gidan da suke haya daɓe ne na siminti, ban da gindin katanga da ɗan wurin da yake kafa taɓarya. Ya yi tunanin ya karɓi ko da cikin tafin hannu ya shuka a nan, mai gidan ya ce awakinsa ba su da wani wurin kwana.

Abin da ya fi tsanani shi ne ya san lissafin abin da ke wucewa. Jahili zai iya cewa da sauran lokaci, ya kwanta da wannan. Shi kuwa ya san gero mai kwana saba'in yana bukatar a shuka shi kafin Nasara, tauraro na huɗu na damina, ta fita, in ba haka ba ruwa zai ɗauke yana cikin bunni, bai yi ƙwaya ba. Haka'a ta fita, Hana'a ta shiga ta fita, Zira'a ma haka, kowace da kwanakinta goma sha uku, babu wadda ta yi jinkirin yini ɗaya. Ruwa yana ta sauka a kan kari, irin damina da manomi yake roƙo. Kullum da safe sai ya je bakin tasha ya tambayi masu kabu-kabu labarin hanya, har suka gane shi, tun kafin ya buɗe baki su girgiza kai. Ran da Nasara ta fita bai je tasha ba. Ya aika wa Ummusalma cewa ta adana gorar da kyau, bana ta wuce, sai baɗi in Allah Ya kai mu. Irin da ke cikin toka yana iya shekara biyu.

A cikin wannan tsakani wani labari ya zo wanda bai shiga lissafinsa ba. Shukar da aka yi a Dabaran ba duka ta ƙone ba. Ta kan tudu ta tafi, amma ta cikin kwari, inda danshi ya ɗan daɗe, kusan kashi ɗaya cikin uku ta rayu har ruwan Haka'a ya riske ta. Ko noman farko ba a yi mata ba, ciyawa ta kusa cinye ta, duk da haka ta tsaya, masu ƙarfin hali kuma suna satar jiki su je su gyara abin da ya samu. Gonar Mainasara tana cikinsu. Gonar Ummusalma kuwa, wadda take kwari mafi kyau a ƙauyen, babu kome a cikinta sai tafasa.

Ya kamata a auna wannan al'amari da adalci, domin mutane sun yi ta yanke hukunci a kansa cikin gaggawa. Malam Bilyaminu bai yi ƙarya ba, bai yi ganganci ba, kuma duk abin da ya faɗa game da rana da danshi da tururi haka ya auku. In an ce ya yi kuskure, kuskuren shi ne ya ɗauki abin da yake da ƙa'ida ya ba shi dukkan nauyi, ya ɗauki abin da ba shi da ƙa'ida ya ajiye gefe, saboda bai san gidan da zai rubuta shi ba. Amma wanda zai zarge shi sai ya faɗi yadda ake auna nufin mutumin da ke riƙe da bindiga. Da Ummusalma ta tafi a Dabaran aka ɗauke ta a hanya, da masu zargin nan su ne za su ce ya tura ƙanwarsa halaka a kan ruwan da ya san ba na shuka ba ne. Mahaifinsa ya bar masa ilimin da aka gina a kan sharaɗi guda wanda ba a taɓa faɗa ba, domin ba a taɓa zaton zai faɗi ba, wato cewa ran da sama ta ba da izini manomi yana iya zuwa gonarsa. Da sharaɗin ya rushe, ilimin bai zama ƙarya ba. Shi kansa Malam ya bi wannan tunani daga farko har ƙarshe ba sau ɗaya ba, kullum yana fitowa da cewa hujjarsa tana nan daram, kullum kuma hakan bai sa ya iya haɗa ido da ƙanwarsa ba.

Damina ta yi tsakiya, hatsi ya yi wuya a gari. Gidan Malam suka koma ci sau ɗaya, abin da ya samu yakan raba ya aika wa Ummusalma, ita kuma tana wankau da surfe a gidajen mutane. Duk lokacin da ya tambaye ta gorar sai ta ce tana nan.

Cikin tauraron Harsan, a tsakiyar damina, lokacin ɓacewar inuwa na biyu ya zo. Wannan ba a ƙirga kome daga gare shi, amma Malam bai taɓa barin sa ya wuce bai rubuta ba. Ya kafa taɓaryar, ya gwada ta da zare da dutse. Gari ya wuni da lumshi, sai dab da azahar gajimare ya tsage, rana ta faɗo tsakar gidan. Yana tsugunne yana duba gindin taɓaryar Ummusalma ta yi sallama. Ta rame har zanen ya yi mata yawa. A hannunta akwai ƙwarya an rufe da faifai.

"Yaya Malam, ga kunu na kawo maka."

"Ke da ke da yara, ki kawo mini kunu? Mai da musu."

"Sun sha. Wanga naka ne." Ta durƙusa ta ajiye, ta buɗe faifan. "Ɗan Zakariyya ne. Na ce kada shi ƙare ba ka ɗanɗana ba."

Malam ya dubi ƙwaryar. Kunu ne tsararo, babu tsamiya babu sukari, amma ƙamshin ya san shi tun yana yaro.

"Tun yaushe?"

"Tun da Nasara ta hita kac ce sai baɗi. Ƙaramar ta kwana biyu ba ta ci ba, na fasa lakar na ɗebi kaɗan, na ce zan mayar. Ban samu na mayarwa ba." Ta gyara lulluɓinta. "Na ji kunyar in hwaɗa maka."

"Da kin faɗa mini, da na nemo na kasuwa mun yi musanya."

"Da mi za ka nemo shi, Yaya?"

Malam ya tambayi abin da ya rage masa. "Tokar fa? Ƙwaya takan maƙale a cikin toka. Ko goma aka samu..."

"Na tankaɗe ta da rariya jiya. Sau biyu."

Kulsumu tana tsaye a ƙofar ɗaki tana kallonsu. Ummusalma ba ta tashi ba, tana jiran ƙwaryarta, kuma a fuskarta babu zargi ko kaɗan, da ma akwai da ya fi masa sauƙi. Malam ya yi bisimilla, ya ɗauka da hannu biyu, ya sha har ƙasa, domin ba abin da za a bari ba ne. Ya miƙa mata ƙwaryar, ta yi masa sai an jima, ta fita.

Da ya waiwaya inuwar ta riga ta fito ta gabas da kusan yatsa uku, lokacin ya wuce bai gani ba. Ya buɗe littafin a shafin shekarar, ya riƙe alƙalami, ya daɗe, ya rufe bai rubuta ba. Ya tuge taɓaryar ya kakkaɓe ƙasar gindinta ya miƙa wa Kulsumu. Ta karɓa ta jingine ta a bango kusa da turmi, domin ranar babu abin dakawa.